Yatsan da Ba Ya Miƙewa

Wa ya gaji marigayi kafinta, wanda ya ɗauko fuskarsa ko wanda ya ɗauko hannunsa? Har yau na kasa rabewa.

Dogo ɗan riƙo ne. Shekara ashirin da shida ya yi a gefen teburin marigayi, daga sharar garin katako har ya kai ga haɗa ƙofar da ba ta kuka. Bayan rasuwar sai ga ɗan cikin marigayi ya iso, wani direba da ya tashi wurin uwarsa a wani gari. Masu zaman makoki kuwa sai cewa suke, "Ga mai shago ya zo, ai abin a jini yake."

Dogo ya san ranar da Direba ya iya aiki, shi ya zama baƙo a shagon.

"Yaya, ka koya mini," in ji Direba.

"Ba a jini yake ba? To jinin ya koya maka."

Sati uku Direba yana lalata katako. Yankansa ya karkace, kusoshinsa su lanƙwashe. Amma in ya yi gyaran murya a bayan Dogo, sai Dogo ya waiga yana shirin amsa, "Na'am, Baba." Har yadda yake sosa ƙeya in ya rasa dabara, na marigayi ne sak, alhali bai taɓa zama da shi ba.

Wata safiya Direba ya tsaya yana kallon Dogo yana yanka.

"Yaya, ciwo yatsan nan yake yi maka? Kullum a naɗe yake, kamar kana ɓoye alawa."

Dogo ya dubi hannunsa a kan zarto. Yatsansa manuni a naɗe yake cikin tafi. Marigayi ba shi da wannan yatsa, inji ya cinye shi tun kafin a haifi Dogo. Ba wanda ya taɓa ce wa Dogo ya naɗe nasa.

Ya faɗa wa Direba labarin yatsan marigayi.

"Ban taɓa ganin hannunsa a kan aiki ba," in ji Direba. Ya ɗauki zarto, ya naɗe yatsansa a hankali. "Haka yake riƙewa?"

Dogo ya dubi Direba, ya ga fuskar marigayi tana jiran amsa. Ya gwada miƙe nasa yatsan a jikin zarto, ya ƙi zama.

"Miƙe naka," ya ce. "Kai ba ka rasa shi ba."

Ya ɗora hannunsa a kan na Direba, suka fara yanka.