Umarar Safiyya a Ƙaramin Jirgi

Dabo ya dawo daga Makka kansa a aske tas, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Ya daɗe yana ɗora bulo a Riyad, yanzu ƙarfi ya ƙare, kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya buga masa bizar fita ta ƙarshe, wadda in ka tafi ka tafi ke nan. Washegari zai hau jirgin gida. Abu ɗaya ya rage masa a ƙasar, shi ma ga shi ya sauke: umara a madadin matarsa Safiyya, wadda ta rasu a Gumel tana jiran ya aiko mata da biza. Kullum baɗi yake ce mata, har baɗin ya zo ba ta nan.

Bayan sallar Juma'a abokan ɗakinsa a unguwar Shumaisi ta Riyad suka yi masa walimar ban kwana. Aka shimfiɗa leda, aka juye kabsa, wato shinkafar nan ta Larabawa da kaza. Ana cikin ci sai ga Ridwan.

Ridwan dai tikiti yake sayarwa a wani shago a unguwar Murabba. Ya taɓa karatu a jami'a bai ƙarasa ba, amma ya riƙe sunan Malam gam. Allah ya yi masa baki, kuma ba shi da zance sai na jirage. Har bidiyo yake ɗorawa a waya, yana gwada jirgin babban kamfani da na ƙananan nan masu zirga-zirgar cikin gida. Shi ya yankar wa Dabo tikitin Jidda a ƙaramin, ya ce ai tafiyar ba nisa, kafin ya gyara zama an sauka. Shi kuma ya koya masa yadda zai yi: ya ɗaura harami tun daga Riyad, amma kada ya yi niyya sai an sanar a jirgi cewa an kawo mikati, iyakar da mai umara ba ya ƙetarewa sai da niyya. Yin ta kafin nan makaruhi ne, in ji shi.

Bai gama zama ba ya jingina wayarsa da butar shayi, ya juya ta wajen Dabo, ya fara. A babban jirgi, ya ce, tun ba a tashi ba an miƙo maka dabino da gahawa, ga tsumma mai ɗumi na goge hannu, ga wurin miƙe ƙafa. Sai ya nemi Baba Dabo ya faɗa wa jama'a abin da aka ba shi a nasa.

Dabo ya yi dariya ya ce ko ruwa sai ka saya, gwiwarsa kuma tana dukan kujerar gaba har aka sauka. Amma shi me ya dame shi? Ba cin dabino ya je ba. Ɗaki ya ɗauki dariya, shi ma yana tayawa, bawan Allah, bai san inda aka nufa da shi ba.

Ridwan ya ce a babban jirgi sau biyu ake sanar da mikati, a nutse, kowa ya ji. Ya tambaya ko an sanar a nasu.

Dabo ya ce shi dai ya kasa kunne tun tashi. Lasifikar ta yi ɗan ƙara sau ɗaya, ba a jin komai, na kusa da shi kuma barci yake. Yana nan yana jira sai ya ji tayoyi sun dira. A filin jirgin Jidda ya tsaya gefe ya yi niyyarsa da sunan Safiyya, ya kama talbiyya.

"A Jidda," in ji Ridwan. Ya maimaita a hankali yana duban waya. "Kun ji ko? A Jidda. Baba, ka ƙetare mikati ba niyya. Sai da yanka a Makka. Wannan fa shi ne bambancin da nake faɗa muku kullum."

Lomar da ke hannun Dabo ta tsaya a hanya. Sha'aban, wanda suke gado sama da ƙasa, ya ce wa Ridwan ya kashe wayar nan don Allah. Ridwan ko kallonsa bai yi ba. Abin takaicin ma, tun shekaranjiya Dabo ya kira shi daga Jidda ya ce masa ya sauka kuma yanzu zai yi niyya. A lokacin mota ɗaya za ta mayar da shi mikati ya gyara. Ridwan ya ce masa Allah ya karɓa, ya kashe waya, ya adana maganar sai yau da za a taru.

Dabo ya mayar da shinkafar kan leda. Kunya ta rufe shi, tsoro kuma ya fi kunyar. Ya ce, "Malam, ita fa? Ladan ya kai gare ta?"

Ko ɗan makarantar allo aka zaunar aka karanta wa babin, zai iya ce wa Dabo umara ta yi, ragon gyara ne kawai, kuma ana iya wakilta wani ya yanka. Ridwan ya san haka sarai. Sai dai amsar ba za ta yi wa bidiyonsa daɗi ba. Ya ɗage kafaɗa.

"Allah ne masani, Baba. Ni dai da matata ce, ba zan kai mata umara a irin wannan jirgi ba."

Ya ɗauki cinyar kaza ya ci gaba da bayanin kujeru.

Dabo ya tashi ya wanke hannu, ya fita ya zauna kan matakalar bene, cikin zafin la'asar. Can wayarsa ta yi ƙara. Khairat ce, babbar 'yarsu, daga Gumel. Ta gaishe shi da ɗoki, ta ce ga su nan duk sun taru da ƙannenta a ɗakin marigayiya, suna so su ji daga bakinsa.

"Baba, an yi wa Inna umararta?"

Ya sauke wayar daga kunnensa, har ta ɗauka layin ne ya yanke, ta shiga kiran sunansa.

"Ina jin ki," ya ce. "Ban sani ba, Khairat."