Zanen Da Auta Ta Goge

"Mu yi ciniki," in ji Farfesa, shugaban sashen lissafi. "Malaminki ya ce amsar nan ta fi ƙarfinki, satar ta kika yi. Ga allo, ga alli. Ki sake ta a gabanmu, na wanke ki. Kin kasa, kin bar jami'a."

"Na yarda, ranka ya daɗe," in ji Auta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ba sata ta yi ba. Ita dai sai ta zana abu take gane shi, ta kuma ɗauka zane aikin 'yan firamare ne, abin kunya a jami'a. Shi ya sa a jarrabawa ta goge zanenta tas, ta bar amsa tsirara kamar daga sama ta faɗo.

Tambayar ita ce a tabbatar cewa layi marar yankewa da ya taso daga ƙasan sifiri ya ƙare a samansa dole ya taɓa sifiri a hanya. Ta rubuta jimla biyu, ta uku ta ɓace mata. Fanka na juyawa, gumi na bin bayanta. Ta hango kanta tana shiga gida da akwati, mahaifinta na zaune a ƙofa. Allin ya karye a hannunta.

"Ba na faɗa ba?" in ji malamin. "Aku ya manta karatu."

Ba ta san lokacin da hannunta ya ja kogi a allo ba, ya ɗiga mutum a wannan gaɓa, ya ɗiga shi a waccan.

"Wanda ya haye, dole ya jiƙa ƙafa," ta ce a hankali, tana jiran tsawa.

Farfesa ya miƙe. "In ya yi tsalle fa, 'yata?"

Ta zuba wa kogin ido.

"Ba ya tsalle. An ce layin ba ya yankewa."

"To, rubuta wannan. Zane ba hujja ba ne, jagora ne. Ni ma kwandon sharata cike yake da irinsa."

Ita ce jimlar da ta ɓace. Sauran jimlolin suka biyo ta kamar tumaki.

Auta ta tsira da karatunta. Farfesa ya samu ɗaliba. Malamin kuwa ya yi asarar bakin magana, aka kuma bar masa goge allo.