Kamal, Amsa!

Duk wanda ya san Maniru ɗan Mandera ta ƙasar Shagari ya san shi da ƙafa da baki, kuma har yau ba a tantance wanda ya fi sauri a cikinsu ba. Yana karatu a kwalejin ilimi a Sakkwato, sashen motsa jiki da lafiya, aka turo shi koyon koyarwa wata sakandare a Bodinga tare da abokan ajinsa huɗu. Kocinsu, Malam Nasiru, shi ya yi ta kai-da-kawo har aka haɗa su wuri ɗaya, domin a cikinsu za a fitar da huɗun da za su wakilci kwaleji a gudun miƙa sanda, kuma ba ya son atisaye ya tsaya. Duk Asabar yakan hawo babur daga birni ya duba su a filin makarantar.

Gudun miƙa sanda yana da ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita. Mai karɓa ba ya waiwaye. Yana cikin gudu na bayansa zai yi masa magana, sai ya miƙo hannu baya a ɗora masa sanda, ya wuce. Maniru ne na uku, Tasi'u ke ba shi, shi kuma ya ba na ƙarshe. Na ƙarshen nan sabon shiga ne, Kamal, wani dogon Bakano mai ladabi kamar ya yi yawa, wanda ke zaune gidan kawunsa tela a bayan kasuwar Bodinga. Abba shi ne na biyar, mai jiran ko wani zai gaza.

Ranar da suka fara gwadawa da cikakken gudu, Maniru ya karyo kwana ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ya iso bayan Kamal ya kwarma ihu: "Kamal, amsa!"

To, a bakin Basakkwace, amsa ita ce karɓa. Amma Kamal yaro ne da aka rena a gidan da ba a kiran sunanka sau biyu. Ya ji sunansa, ya ji an ce ya amsa, sai bawan Allah ya ja birki, ya waiwayo ya ce, "Na'am?"

Maniru ya afka masa. Suka zube tare, sanda ta yi nata wuri, idon sawun Maniru na dama ya lanƙwashe a ƙarƙashinsu. Ɗaliban makarantar da suka zo kallo suka kwashe da dariya har wasu na riƙe ciki. Shi kuwa bai san wanda ya fi yi masa zafi ba, ƙafar ko dariyar.

"Kai wane irin mutum na?" ya ce da Kamal, yana riƙe da sawu. "Na ce ma amsa, ka tsaya kana min na'am sai ka ce surukinka yak kira ka!"

Da Kamal ya ce yi haƙuri, da magana ta mutu a nan. Amma kunya ta riga ta rufe shi, sai ya kakkaɓe wando ya ce, "To wa ya ce ka kira sunana? A ina aka taɓa cewa amsa ana nufin karɓa? Ku koyi Hausa mana."

Ka ce wa ɗan ƙasar Sakkwato ya koyi Hausa! Sai da Tasi'u ya danne kafaɗar Maniru, don da ƙafa ɗaya ya yi niyyar tashi.

Malam Nasiru ya latsa sawun, ya ga yadda ya fara hawa, ya yanke magana a gaban kowa. Nan da mako biyar zai tura sunaye. Ranar zai sa a yi gudun sau biyu, ɗaya da Abba a matsayi na uku, ɗaya da Maniru, agogo ya raba gardama. Shekara biyu Maniru yana tashi da asuba saboda wannan gurbi, ga shi yanzu yana hannun ƙafar da ta kumbura da kuma Bakanon da ya kumbura ta.

Shugaban makaranta ya ba shi hutun mako biyu, ya tafi gida. A ɗakin shan magani na Shagari aka duba aka ce ƙashi bai karye ba, targaɗe ne mai ƙarfi, ya huta. Mahaifiyarsa, Inna Hasiya, ba ta gamsu ba sai da aka kai shi Dandin Mahe wurin Baba Idi maɗori. Tsohon ya shafa man shanu, ya ja sawun har Maniru ya kira sunan kakarsa da ta rasu, sannan ya naɗe shi da ƙyalle.

"Ɗana, ni aikina ɗori, Allah shi ka warkarwa," in ji Baba Idi. "Amma ƙahwar ga ba ta son gaugawa. Kwana ashirin da takwas, tahiya kaɗai. Ban da gudu."

Kwana goma sha biyu ya iya. A na sha uku Tasi'u ya bugo waya, cikin hira ya ce Abba fa ya fara kama hannu, sandar ba ta faɗuwa. Maniru ya ajiye waya, ya ɗaura takalmi, ya bi hanyar da ta ratsa gonakin albasa. Bai yi nisa ba sawun ya tuna masa. Ya dawo yana jan ƙafa, kafin la'asar ƙafar ta koma kamar tulu.

Inna Hasiya ta dube shi ta dubi ƙafar. "Wai mi ka korar ka, ɗan nan? Ko kura ta san mai ciwo." Baba Idi kuwa bai yi faɗa ba, ya sake naɗewa kawai ya ce lissafin kwana ya koma farko, in ban da ɗan ragin da zai yi masa don ƙuruciya. Rashin faɗan tsohon ya fi zagi ciwo.

Ya koma Bodinga yana ɗingishi, saura mako uku. A ofishin malamai teburinsa na kallon na Kamal, kuma tsakaninsu sai sallama, ita ma don kada a shiga haƙƙin addini. Yara sun riga sun laƙaba wa Kamal suna Malam Na'am, in ya wuce ajinsu sai ka ji wani daga baya ya ce na'am da siririyar murya. Gaskiya Maniru ya ji daɗin abin, har ya riƙa yin kamar bai ji ba.

Abin da ya karya masa wuya darasi ne. Manhaja ta kawo shi kan taimakon gaggawa, ya tsaya gaban 'yan aji biyu yana rubuta musu a allo cewa mai targaɗe ya huta, ya ɗaga ƙafa, kada ya yi gaggawar komawa wasa. Wata yarinya a layin gaba ta kalli allon, ta kalli ƙafarsa, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Kunya ta kama shi sosai. Daga ranar ya bi abin da ya rubuta sau da ƙafa: tafiya da safe a gefen fili, tsayuwa da ƙafa ɗaya yana riƙe da bango, jiƙa sawu a ruwan randa bayan an tashi. Da ya ga su Abba sun fito atisaye sai ya ɗauki littattafan yara ya shiga ofis yana maki, don kada zuciya ta ja shi.

Sauran aiki na baki ne. Ya san ko ƙafar ta warke, in Kamal ya sake tsayawa, gurbi ya tafi. Neman sulhu kuwa bai ga wanda zai sa shi ba. Don haka ya yanke wa kansa hukunci mai ɗaci, zai ce karɓa. Yana tafiyar safe yana maimaitawa ƙasa-ƙasa, karɓa, karɓa, yana jin kalmar a bakinsa kamar tuwon da ba miya. Baba Idi ya sake shi ya fara sassarfa saura kwana shida, cikakken gudu kuma saura biyu.

Asabar ɗin ta zo, Malam Nasiru ya iso da agogonsa a wuya. Aka fara da Abba. Yaron ya yi gudu mai kyau, ya miƙa sanda lafiya, Kamal ya ƙarasa. Koci ya rubuta a takarda. Aka ba su hutu suka sha ruwa, sannan Maniru ya je ya tsaya a layinsa.

Tasi'u ya ɗora masa sanda, ya tashi. Taku goma na farko da tsoro ya yi su, yana jiran sawun ya yi magana. Sawun bai ce komai ba. Sai ya saki jiki, ya shiga kwana, iska na dukan ƙirjinsa, wani daɗi ya cika shi wanda ya yi mako biyar bai ɗanɗana ba. Ya hango bayan Kamal ya fara motsi, ya matso, ya matso, ya buɗe baki. Kalmar da ya kwashe mako uku yana koyo ta bi iska.

"Amsa!"

Yana jin abin da ya faɗa ya ɗauka shi ke nan, Kamal zai sake tsayawa. Amma Kamal bai waiwayo ba. Hannunsa ya faɗo baya a buɗe, sanda ta zauna a tafin, dogon nan ya miƙe da gudun da ba a taɓa ganin ya yi ba, har hularsa ta atisaye ta tashi ta bar shi.

Malam Nasiru ya dubi agogo, ya sake duba, ya ce, "Maniru, na uku." Abba ya zo ya ba shi hannu, Maniru ya riƙe hannun ya daɗe, don ya san abin da yaron ke ji.

Ya zauna a ƙasa zai kwance takalmi sai ga Kamal yana haki, ya durƙusa gabansa.

"Mako biyar," in ji Kamal, "kullum bayan la'asar ina sa Tasi'u ya bi ni a bayan kasuwa yana min wannan ihun naku. Wasu sun ɗauka bashi yake bi na, wasu sun ɗauka na taɓu. Ka yafe min maganar da na faɗa maka."

Maniru ya ɗago kai ya dube shi. Ya ce, "Ni ma na bari yara suna ma dariya, ina ji ina ƙyalewa. Ka yahe."

Kamal ya ƙara matsowa. Ya janye hannun Maniru daga igiyar takalmin, ya kwance da kansa, ya zare safa a hankali, ya tallafi sawun yana latsawa ta kowane gefe. Maniru ya bar shi. Su Tasi'u da koci suka zagaye su, kowa ya sunkuyo yana kallo.

"Da zafi?"

"Babu."

Kamal ya ɗago kai ya dubi koci. "Malam, bai kumbura ba."