Gahawar da Baba Ya Ƙi Sha

Mahaifina, Abu Mu'ayyad, manomin zaitun ne a Ajlun, amma ba shi da maƙiyi kamar furen zaitun. Da bishiyoyi sun yi fure sai idanunsa su kumbura, ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar tsohon ƙyaure. Dole in kwaso shi zuwa gidana a Amman, ya yi wata biyu yana hararar bango.

Ni na samo masa wani sabon kamfani a waya. Za a gwada jininka, a haɗa magani daidai jikinka, a kawo har gida, kullum ka ɗiga ƙarƙashin harshe, shekara uku ba fashi. Ranar har wani ji da kai nake yi.

Baba ya jujjuya kwalbar. "Wa ya haɗa?"

"Kamfani, Baba."

"Shi kamfanin ɗan gidan wa ne?"

Ya rantse ba zai ɗiga ba sai mai haɗawa ya zo sun sha gahawa. Da ƙyar na roƙo likitarsu, Dakta Lujain. Ya titsiye ta: 'yar wa ce, wane ƙauye, su waye kawunnanta? Kunya kamar in nutse.

Shekara biyu maganin na aiki. Kwatsam manhajarsu ta waya ta daina buɗewa, lambarsu a kashe. Na je ofishinsu na tarar ana aski a ciki. Saura maganin kwana tara a kwalba, fure kuma ya kusa. Wani likita ya ce in babu takardar haɗin, sai dai a koma farko. Na yi kuka a mota, don ni na zaɓo su.

Baba ya yafa rawaninsa. "Sawsan, tayar da mota. Kufranja za mu."

A gidan mahaifin Lujain aka zuba masa gahawa, ya ajiye ta a gabansa bai kurɓa ba. A al'adarmu, baƙon da ya zo da buƙata ba ya sha sai an yi alkawarin biya masa ita. Mai gidan ya dubi kofin, ya gyara zama.

"Sha gahawarka, Abu Mu'ayyad. Abin da ya kawo ka, ka samu."

Nan take ya kira 'yarsa. Ashe ta koma wani asibiti a Irbid, kuma ba ta yar da bayanan marasa lafiyarta ba. "Baffa, jibi ka zo da kwalbar," in ji ta. Na sauke ajiyar zuciya har matar gidan ta waiwayo.

A hanyar komawa Baba ya ce, "To, 'yar boko, ita wayar taki tana da uba?"

Da fure ya buɗe a watan Afrilu, ya kira ni daga tsakiyar gona.

"Saurara," ya ce.

"Ban ji komai ba, Baba."

"Yawwa. Numfashi nake yi."