Harafi Mai Kama da Ƙugiya

Musaddiq mai gyara ya zaro hannunsa daga cikin kwamfutar, ya goge shi a gefen wando.

"Hajiya, ma'ajiyarta ta ƙone. Tsawar jiya ce ta biyo waya. Duk abin da ke ciki ya tafi."

Safinatu ta dubi injin surfanin da ke tsaye a kusurwar shagonta na unguwar Briqueterie. Ba ya ɗinka ko ɗigo sai kwamfuta ta umarce shi. Ranar Juma'a ce, Litinin za a koma makaranta, kuma bajo ɗari uku na rigunan ɗalibai ke jiranta. Shugabar makarantar ta faɗa tun farko: idan aka makara, shekara mai zuwa wani shagon za ta nema. Wannan aikin ne ke riƙe da shagon da mata uku masu ɗinki.

"Zan sa sabuwar ma'ajiya, ina da ita a rumfata ta kasuwar Mokolo," in ji Musaddiq. Bakano ne, shekararsa biyu a Yaoundé. "Amma manhajar injin fa? Da lambar lasisinta? In babu su, wannan ƙarfe ne kawai."

Mutumin da ya sayar mata da injin ya rufe shagonsa na Douala tun bara. Takardar lambar kuwa ta ma manta kamanninta.

Daga bakin ƙofa aka yi gyaran murya. Malam Halilu ne, mahaifinta, wanda ya yi shekara arba'in yana surfanin manyan riguna da hannu. Ranar da aka kawo injin bai ci abinci a gidan ba.

"Safi, sauko da layar."

A ƙusa take rataye, bayan kalanda: 'yar jaka ta shadda mai maɓalli ɗaya. Shekara huɗu da suka wuce, mai saka injin ya miƙa wa Safinatu filash da takarda, ya ce ran injin ke nan. Ta jefa su a aljihun tebur. Tsohon ya ɗauko, ya ce takarda a unguwar nan ta danshi ce da ɓera. Ya ɗinka wa filash ɗin jaka, ya zauna kwana biyu yana kwafe lambar da baƙin zare a jikin farin ƙyalle, harafi bayan harafi, shi da bai taɓa shiga ajin boko ba. Matan shago suka sa wa jakar suna laya. Duk Juma'a bayan masallaci yakan tambaya ko an ba laya abinci, kuma ba ya barin ƙofa sai Safinatu ta kwafe sababbin zane-zanen surfani a filash ɗin. Sau da yawa tana yi tana tsaki.

Kafin la'asar Musaddiq ya sa ma'ajiya, ya ɗora manhajar daga filash. Zanen bajon yana nan, da kwanan watan Juma'ar da ta wuce. Allon ya nemi lamba.

"Karanto, Hajiya."

Ta warware ƙyallen, ta karanto. Ya buga. Allon ya ƙi.

"A hankali dai."

Ta sake, harafi ɗaya ɗaya. Allon ya sake ƙi, ya ƙara da jan rubutu. Musaddiq ya janye hannunsa.

"Saura ƙoƙari ɗaya, daga nan ta kulle. Buɗewa sai kamfani, su kuma sai mako uku ko fiye." Ya rage murya. "Kada ki ji haushi, Hajiya. Ƙila Baba ya tsallake wani harafi. Ɗinki daban, rubutu daban."

Ita ma Safinatu abin da ke ranta ke nan.

Malam Halilu ya riga ya shigo. Ya gyara tabarau, ya kai fuskarsa dab da allon, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora yatsa.

"Wannan mai tumbin wa ya kawo ta? Ban ɗinka ta ba. Tawa kamar ƙugiya take."

"Ji ce, Baba. Hajiya ta ce ji."

"Ji na ce mana," in ji Safinatu. Ta miƙa masa ƙyallen. "Ga ta."

Musaddiq ya duba, ya dafe kai. J ce a ƙyallen, shi kuwa G ya buga.

"Hajiya, ai wannan je ce!"

"A makarantar wa? Mu da Faransanci ji muke ce mata."

"Mu da Turanci ji ita ce mai tumbin."

Dije, babbar mai ɗinkin shagon, ta tuntsire da dariya a kan kekenta. "Kano da Yaoundé za su kashe mana inji!"

Wannan karon babu wanda ya karanto komai. Musaddiq ya shimfiɗa ƙyallen a gabansa, yana duba zare yana danna maɓalli, tsohon na tsaye a kansa. Ya ce bismillah, ya danna na ƙarshe. Allon ya buɗe. Bayan minti biyu allurar injin ta sauka a kan bajo na farko.

Safinatu ta fita. Mahaifinta ya koma kan bencinsa, yana kallon 'yan tasi suna rigima da mai turin baro. Ta durƙusa a gefensa, abin da rabonta da yi a shago tun tana budurwa.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara lafiya."

"Amin. Injin naki har yanzu bai iya gefe ba, yana cin zare."

"Haka ne." Ta ajiye masa sabon farin ƙyalle a gwiwa. "Ina son laya ta biyu, wadda zan ajiye a gida."

Ya juya ƙyallen, ya gwada ƙarfinsa da yatsu. Ya zaro allura daga jikin hularsa, ya ɗaga ta wajen haske, ya kai zare sau biyu bai samu kafar ba. Sai ya miƙa mata.

"Sa min zaren."