Gawar da Ta Kasa Haƙuri

Cika baki mugun hali ne, kuma ni dai ban taɓa ganin wanda ya yi wa illa kamar Nouhou ba.

A shekarar 2006 Nouhou yana aikin shara a gidan wasan kwaikwayo na wata jami'a nan Greensboro. Sai aka gayyato wani tsoho daga Ireland, Mista Cullinane, shahararren marubucin wasa. Ɗan masunci ne, ya bar makaranta da wuri, amma wasansa na zaman makoki ya yi shekara arba'in ana nuna shi a duniya. Tsohon ya ga Nouhou yana barci a kan benci, ya ce bai taɓa ganin mutum mai kama da gawa haka ba. Ya ba shi matsayin mamacin. Sharaɗi ɗaya: awa biyu cikin akwatin gawa, ko ƙifta ido babu. In ya iya, da shi za a tafi Dublin, babban birnin ƙasar tsohon, a nuna wasan a can.

Nouhou ya bi shagunan mutanenmu da ke titin High Point Road yana shela cewa shi ne jigon wasan, kowa a kansa yake magana. Ranar farko da aka nuna wasan, mutanenmu suka cika layi uku na kujeru.

Rabin awa ta wuce. Hajiya Hamsatou, surukarsa, ba ta iya raɗa ba. Ta ce, "Wai ina Nouhou ɗin?"

Djibrilla direban tasi ya ce, "Ga shi can a akwati, Hajiya."

"To yaushe zai yi magana?"

"Ai ba a ba shi ba. Turancinsa ne suka ji, suka ce gara ya mutu."

Layi uku suka tuntsire da dariya. Baturiyar da aka ba matsayin matar mamaci, da ke kukan mijinta, ta ƙara murya. Sai gawa ta tashi zaune, fuska fari fat da hoda, ta nuna yatsa.

"Kai Djibrilla! Ni da kai wa ya faɗi jarrabawar tuƙi sau huɗu?"

Matar mamaci ta kurma ihu ta yi waje, takalmi a hannu. Mista Cullinane ya ce a shekara arba'in, har kare ya taɓa hawa dandalin, amma gawa ba ta taɓa yin faɗa ba. Washegari ya sa buhunan yashi a akwatin, ya rufe da mayafi.

Nouhou ya rasa tafiya Dublin. Ya rasa benci, don an mayar da shi sharar ɗakin karatu. Ya rasa sunansa ma, domin har yau Marigayi ake kiransa.