Bindiga a Ɗamarar Harami

Shekara goma sha tara ke nan Issoufou yana cikin harami. Umararsa kam ya gama ta tun ranar da suka sauka daga Maraɗi shi da matarsa Mubina, har aski ya yi. Sai dai tun a makon farko ya lura da wani abu. A Makka, baƙin mutum mai jallabiya shi ake tsayarwa a tambaye shi igama, wato takardar zama. Tsoho kuwa mai fararen zannuwa biyu, yana waige-waige kamar ya manta hanyar masauki, ba mai tambayarsa komai, sai ma a nuna masa hanya. Tun daga nan ya riƙe harami ya zama kayan aikinsa. Mutanen Ka'akiyya, unguwar da yake haya, suna cewa in da kowace fitarsa umara ce, da tuni ladansa ya ishi Nijar baki ɗaya har a ɗiba wa Chadi.

Sana'arsa tura tsofaffin alhazai a keken guragu, daga masaukan Misfala zuwa bakin Masallacin Harami. Larabci a bakinsa ya fi na wasu 'yan gari, har da zagin. Amma da zarar ya hango askari sai harshen ya ɗauke, ya koma baƙauyen da ya sauka jiya, ba abin da ya sani sai murmushi da ɗaga hannu sama.

Mubina ta rasu shekara shida da suka wuce. An yi mata salla a Harami, an rufe ta a ƙasar Makka, kuma tun daga ranar nan burin Issoufou ya koma guda ɗaya tak: ya mutu a garin nan, a sa shi a ƙasar da take kwance. Ba ya tsoron ciwo, ba ya tsoron yunwa. Abin da ke tsinka masa zuciya shi ne tarhil, a kama shi a cusa a jirgi, ya je ya mutu a Maraɗi ita tana nan. Duk abin da ta bari ya rabar, sai abu ɗaya, haƙorin Makka na zinariya da ta sa a watansu na farko a garin, wanda ya fita a ciwon ajalinta. Ya ƙulle shi a ɗan ƙyalle shuɗi, yana ajiye da shi a aljihun ɗamarar da masu harami ke ɗaurawa a ƙugu. Ban da shi, ɗamarar nan ba ta taɓa ɗaukar abin kirki ba. A shafe take kamar cikin mai azumi.

To, wata ranar Talata da la'asar, a wani lungu na Misfala, wasu ƙarti biyu suka tare shi suka ƙwace keken. Bai yi gardama ba, amma duk da haka ɗayan ya hankaɗe shi, ya faɗi, zanen ƙasa ya kwance, a gaban wasu mata 'yan Indonesiya da suka fito sayen dabino. Matan suka juya baya suna salati. Ƙartin suka tafi suna tura keken a hankali, ko sauri ba su yi ba, don sun san mai harami na shekara goma sha tara ba ya zuwa ofishin 'yan sanda. Wannan tafiyar tasu ta gadara ta fi kwancewar zanen yi masa ciwo.

Ɗaso, ƙanwar Mubina, ita ke sayar da waina da kunun gyaɗa a unguwar Tandabawi, kuma ita ta samo masa wani keken a wajen wata tsohuwa da ta daina fita. A gaban tandarta ya furta abin da ya ƙudura. Ya ce bindiga zai nema, 'yar ƙarama, wadda ba mai gani sai ranar da ya so a gani.

Ɗaso ta ajiye cokalin juya waina ta dube shi daga kai har silifa. Tsakanin miji da ƙanwar mata akwai wasa, ita kuwa ba ta taɓa barin haƙƙinta ya kwana ba.

"Mijin Yaya, kai da ko aljihu ba ka da, ina za ka sa ta? Mai wando ma yana tunani, balle kai."

Ya ce ba harbi zai yi ba, nunawa kawai. Ta ce shekara goma sha tara ba abin da ya tsare shi sai rashin komai, kuma wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Ya shanye kununsa ya tashi, yana cewa a ransa mace ba ta san zafin kwancewar zane a bainar jama'a ba.

Akwai wani Tijjani a bayan Ka'akiyya, haifaffen Makka, jikan wani mahajjaci Bakano da ya zo a ƙafa. Hausarsa rabi ce, sauran rabin Larabci. Shagonsa na gyaran fanka da tukunyar lantarki ne, amma kowa ya san in kana neman abin da ba a rataye a kasuwa, ƙofar baya ake bi. Ya saurari Issoufou da ladabi, ya rufe ƙofa, ya shimfiɗa tsohuwar darduma, ya jera guda uku a kai.

Ta farko babba ce, baƙa, mai nauyi. Tijjani ya ce ita ce ta maza, ganinta kaɗai ya isa ya sa ɓarawo ya tuna da uwarsa. Issoufou ya so ta ƙwarai. Ya soke ta a ƙugu ya yi taku uku da ƙasaita, a na huɗu zanen ya fara bin ta ƙasa, sai da ya cafke shi da hannu biyu. Ya mayar da ita nan take, don kwancewar zane ce ta kawo shi wurin tun farko.

Ta biyu matsakaiciya ce, tana da wata jakar fata da ake ratayawa a ƙarƙashin hammata. Suka ɗaura, ya yafa mayafin sama, ta ɓace sarai. Har ya fara murna, sai Tijjani ya ce ya sunkuya kamar yana tura keke. Yana sunkuyawa mayafin ya zame, ga bindiga nan tana lilo a fili kamar layar ɗan dambe. Tijjani ya yi dariya har da tari.

"Ya ammi, wannan ta masu kwat ce. Kai libas ɗinka, haramin nan, babu maɓalli, babu komai. Allah ne ya tsara shi don kada a ɓoye abu."

Issoufou bai ji daɗin maganar ba, musamman da yake gaskiya ce.

Ta uku 'yar mitsitsiya ce, ba ta fi tafin hannu ba, fentinta ya koɗe. Issoufou ya raina ta, ya ce wannan ai ko ɓera sai ya tsaya ya ƙare mata kallo. Amma da aka zuge aljihun ɗamara aka cusa ta kusa da ƙullin shuɗin ƙyalle, sai ta shige, zif ya rufu da kyar. Ya yi tafiya, ya sunkuya, ya zauna, ya yi kamar zai yi sujada. Zane bai motsa ba. Ya ce ita ce.

Da Tijjani ya kawo zancen harsashi, Issoufou ya ja da baya kamar an miƙo masa naman alade.

"Subhanallahi. A garin da ko tantabara ba a kashewa? Ni dai su gani, su san akwai namiji cikin zanen ga."

Haka ya fito da bindiga marar harsashi, zuciyarsa fes, yana ganin ya raba gardama tsakaninsa da Allah da ɓarayi.

Kwana uku na farko ya ji daɗin duniya. Ya daina kauce wa lungu. Amma wasu abubuwa sun canza da bai lissafa da su ba. Ya daina kai fasinja har ƙofar masallaci, don a can ana duba kaya, sai ya sauke tsoho daga nesa ya ce ya ƙarasa da ƙafa akwai lada. Sallarsa ma ta koma ta bakin titi. Hannunsa kuma ya koyi wata sabuwar ɗabi'a, bini-bini ya kai ƙugu ya shafa. Bai san cewa duk Makka mutum iri ɗaya ne ke yin haka ba: sabon alhajin da ya sauka da guzurin shekara goma a ɗamara. Masu yankan aljihu da suka shekara goma sha tara suna wuce shi kamar turken fitila, yanzu suka ga tsoho mai harami, ɗamara ta kumbura, hannu na gadi. Kumburin nan kuwa ya fi kama da dalolin da aka naɗe da roba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, titin Misfala ya cika, kafaɗa na gugar kafaɗa. Issoufou yana tura wata Hajiya mai jiki, 'yar Gusau, hannayensa biyu a kan keke, don in ya saki ɗaya za ta gangara ta kwashe mutane. Bai ji komai ba sai wata 'yar iska a ƙugunsa. Da ya duba, ɗamara babu. Zanen dai yana nan, don tun ranar Talatar nan ya koyi naɗe shi tamau.

Bai gama buɗe baki ba sai ya ga hayaniya taku goma a gabansa. Wani jami'i cikin farin kaya, irin waɗanda ke bin cunkoso suna farautar masu yankan aljihu da reza, ya damƙe wuyan wani siririn mutum, askarawa biyu sun rufa masa. Ɗamarar tana hannun jami'in. Rana ɗaya ta mai kaya ke nan, kuma Issoufou bai taɓa ganin mai kayan da ranarsa ta zo masa a karkace haka ba.

Jami'in ya zuge zif don ya nemi sunan mai ita. Ya zaro bindigar da yatsa biyu. Mutane suka dare. Ɓarawon ya leƙa, ya ga abin da ya sato. Ya shiga rantsuwa da Ubangijin Ka'aba cewa ba tasa ba ce, yanzu ya yanko ta, ga ma mai ita can. Mai yiwuwa wannan ce rantsuwar gaskiya ta farko da ya yi a rayuwarsa, ya kuwa miƙa yatsa daidai kan Issoufou.

Jami'in ya tako. Ya dubi tsohon, furfura, silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi, farin zane da ya sha wanki. Ya zazzage sauran abin da ke ɗamarar a tafin hannunsa, ƙullin ƙyalle ya faɗo. Ya kwance shi. Haƙorin ya ɗauki rana ya yi ƙyalli, daidai yadda yake yi in Mubina ta yi dariya. Cikin ladabi ya tambaya da Larabci ko wannan kayansa ne.

Issoufou ya ji kowace kalma. Ya kuma ji Hajiyar da ke cikin keke ta waiwayo tana cewa da Hausa, a hankali, "Malam, ba ɗamararka ba ce?" Ya matse kafaɗarta da yatsunsa har ta yi shiru. In ya ce nasa ne, za a ba shi haƙorin, a haɗa masa da bindigar, sannan a tambayi igama. Daga nan kurkuku, daga kurkuku jirgi. Haƙorin zai bi shi Maraɗi, mai haƙorin ta zauna a nan ita kaɗai.

Sai ya yi abin da ya fi iyawa. Ya washe baki, ya yi waige-waige, ya ɗaga hannu sama, ya girgiza kai. Bai taɓa yin wasan nan da kyau kamar ranar ba, bai kuma taɓa jin ɗacinsa haka ba.

Jami'in ya yi tsaki ya harari ɓarawon, wanda bai ji kunyar laƙa wa baƙon Allah sharri ba. Ya mayar da haƙorin cikin ƙyalle, ya jefa shi tare da bindigar a wata leda ta shaida, ya liƙe bakinta. Sannan ya dafa kafaɗar Issoufou, ya nuna Hajiyar da ke keke, ya yi magana a hankali yadda ake yi wa wanda ba ya jin yare.

"Tafi, ya hajji. Kai matarka masauki, rana ta yi zafi. Ka riƙe ta da kyau."

Issoufou ya sunkuya ya tura. Sun yi nisa kafin Hajiyar ta tambaye shi me Balaraben ya ce, ya amsa mata cewa shi ba ya jin Larabci.

Da yamma ya biya Tandabawi. Labari ya riga shi isa, kamar kullum. Ɗaso ta tanadi maganganu tun azahar, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, har ta buɗe baki za ta fara. Sai idonta ya sauka a ƙugunsa, inda ɗamarar take zama, ta tuna abin da ke ciki tun kafin bindiga. Ta rufe bakin. Ta zuba masa kunu ta tura gabansa.

Ya daɗe yana juya ludayin bai sha ba.

"Ɗaso, yau an nuna mini Yayarki a tafin hannu, na ce ban san ta ba."

Ta juya wainar da ta fara ƙonewa, ta share ido da bakin mayafi.

"Sha kununka, mijin Yaya. In ka je sai ka yi mata bayani da kanka. Ai kusa za a sa ka."